Wa Ke Da Hurumin Cewa Baba Ya Ruɗe? Sharhi Daga Dogon Kiriya

A duk gidan da aka yi doguwar jinya, akwai ranar da magana ke barin bakin majinyaci ta koma bakin masu jinya. A kai shi asibiti ko a bar shi gida? A yarda a yi masa aiki ko a ci gaba da jiƙe-jiƙe? A sayar da sa, ko a jinginar da gona? Sau da yawa a zaure ake yanke waɗannan shawarwari, mai jikin kuwa yana kwance a ɗaki, ba wanda ya leƙa ya ji ta bakinsa. In ka tambayi dalili, sai a ce maka, "Ai Baba ya ruɗe," ko "Ai Inna hankalinta ya gushe." Faɗin haka ba wuya, amma a shari'a nauyinsa ya kai a raba baligi da ikon jikinsa da na dukiyarsa. Saboda haka ya kamata a san wa ke da hurumin yanke wannan hukunci, da wace hujja, kuma zuwa yaushe.

Dogon Kiriya wuri ne da ya dace a duba wannan al'amari daga cikinsa. Ƙaramar hukumar karkara ce a arewacin gundumar Dogon Dutsi, jihar Dosso, cikin ƙasar Arewa, kuma ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da 60,000 a cikinta. Manoman hatsi da wake ne, sai makiyaya, kuma da an gama girbi samari kan tafi bida. Kotun da ke duba al'amuran yankin tana Dogon Dutsi. Babban asibitin jiha yana Dosso. Sashen masu taɓin hankali da aka fi sani a ƙasar, wato Pavillon E, yana babban asibitin Yamai, kimanin kilomita 270 daga Dogon Dutsi. Ga mai ƙarfin ƙetare iyaka kuma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Kware kusa da Sakkwato. Da irin wannan nisa, waɗanda ke auna hankalin majinyaci a zahiri su ne na kusa da shimfiɗarsa: babban ɗa, ƙanin uba, mai gari, liman, malamin ƙaramin asibitin karkara (CSI), sai kuma ɗan da ke bida, wanda ke aiko kuɗi yana ba da umarni ta waya.

Dokoki uku a kan mutum ɗaya

Mutumin Dogon Kiriya yana ƙarƙashin tsari uku a lokaci guda. Na farko shi ne kundin dokar zamantakewa da Nijar ta gada daga Faransa a 1960, wanda asalinsa tun 1804 ne. A wannan kundi, wanda ya cika shekara 21 yana da cikakken iko a kan al'amuransa, kuma kotu kaɗai ke iya karɓe shi. Ɗan'uwa ko abokin aure ne ke shigar da ƙara, ya rubuta abubuwan da ya gani, ya kawo shaidu. Kotu ta nemi ra'ayin taron dangi, sannan alƙali ya yi wa mutumin tambayoyi da kansa, in ba ya iya zuwa a same shi a gida. In hukunci ya tabbata, sai a mayar da shi matsayin yaro ƙarami, a naɗa masa mai kula, taron dangi kuma ya zaɓi inda za a yi jinyarsa, gida ko asibiti. Tsarin yana da kyawunsa, domin ya wajabta a ga mutum ido da ido, ya kuma ce kuɗin shigarsa a kan jin daɗinsa da neman warakarsa za a fara kashe su. Illarsa ita ce wuƙarsa faɗi gare ta: ya yarda a karɓe ikon mutum ko da yana samun lokutan da hankalinsa ke dawowa.

Na biyu shi ne al'ada. Tun dokar tsara kotuna ta 1962, wadda aka sabunta a 2004 da 2018, alƙalan Nijar suna aiki da al'adar masu ƙara a kan cancantar ƙulla yarjejeniya, aure, saki, gado, kyauta da wasiyya, tare da masu taya alƙali da suka san al'adar. Sharaɗin shi ne kada al'adar ta saɓa wa yarjejeniyoyin duniya da ƙasa ta amince da su, ko ta tauye 'yancin mutum. Sarakuna da masu gari kuma doka ta ba su ikon sasanci. Da yake yunƙurin kafa kundin dokar iyali ya ci tura a shekarun 1990, ya sake cin tura a 2011, al'adar ce ke riƙe da mafi yawan jama'a har yau.

Na uku shi ne fiƙihun Malikiyya, wanda ya cuɗanya da al'ada har ba kowa ke iya raba su ba. A nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin abin da littattafai suka shimfiɗa ya fi abin da ake yi a gidaje tsauri wajen kare majinyaci.

Abin da malaman fiƙihu suka shimfiɗa

Babin da ya shafi wannan batu shi ne na hajru, wato hana mutum tasarrufi da dukiyarsa, kuma Muhtasar na Shehu Halil, da ɗaliban zaure ke karantawa daga Sakkwato har Damagaram, ya yi masa fasali. Tushensa ayoyi na 5 da na 6 ne na Suratun Nisa'i, inda aka hana miƙa dukiya ga wanda bai san riƙonta ba, aka yi umarni a ciyar da shi a tufatar da shi daga cikinta, a kuma yi masa magana mai daɗi. Maraya kuwa a jarraba shi, in an ga shiriyarsa a miƙa masa kayansa gaban shaidu. Ke nan jarrabawa da shaidu suna cikin tsarin tun farko.

Malamai ba su tara kowa a tukunya ɗaya ba. Mai taɓin hankali ana hana shi ne zuwa ranar da ya farfaɗo, kuma mai ciwon da ke zuwa yana tafiya, abin da ya ƙulla a lokacin da yake cikin hayyacinsa ya ƙullu. Safihi, wato mai watsa dukiya, ana tsare masa dukiyar ne kawai, amma sakin aurensa yana aukuwa, wasiyyarsa tana inganta, haka ma iƙirarinsa a kan abin da ya shafi jikinsa. Mai ciwon da ake tsoron na ajali ne an hana shi kyautar da fiye da sulusin dukiyarsa, amma ba a hana shi kashe ta a kan abincinsa da maganinsa ba. Wannan hukunci na ƙarshe ya kamata magada su ji shi da kyau: tsoho mai hankalinsa in ya ce a sayar da saniyarsa a kai shi Dosso, babu ɗan da ke da hurumin hana shi don kada gado ya ragu.

Akwai kuma batun wanda zai riƙe al'amarin. A Malikiyya waliyyin dukiya uba ne, sai wanda uba ya yi wa wasiyya, sai alƙali. Mutumin da ya girma da hankalinsa, daga baya ciwo ya same shi, alƙali ne ke da ikon hana shi da naɗa masa mai kula, inda babu alƙali kuma amintattun jama'ar Musulmi su tsaya a madadinsa. Zama babban ɗa shi kaɗai ba ya ba mutum wannan matsayi. Imamu Malik ya tafi a kan cewa abin da safihi ya ƙulla kafin a hana shi yana nan daram, ko da yake almajirinsa Ibnul Ƙasim ya saɓa masa. Imamu Abu Hanifa ma ya ƙi yarda a hana baligi mai hankali don yana ɓarnar dukiya, saboda a ganinsa zubar da darajar mutum ya fi asarar kuɗi muni. Wanda ya haɗa waɗannan hukunce-hukunce zai ga ƙa'ida ɗaya tana ratsa su: asalin baligi shi ne hankali, wanda ya ce ya gushe shi zai kawo hujja, kuma hanin ba ya wuce iyakar larura.

Inda dokokin zamani suka karkata

Faransa da ta bar wa Nijar tsohon tsarin ta sauya nata tun 1968, ta kasa kariya hawa uku gwargwadon raunin mutum. A 2007 ta ƙara tsaurarawa: sai da takardar likitan da ke cikin jerin da mai gabatar da ƙara ya amince da su, sai alƙali ya saurari mutumin, kuma hukuncin farko galibi ba ya wuce shekara 5 ba a sake dubawa ba.

Ingila ta yi dokarta a 2005, kuma ita ce aka fi kafa misali da ita. Ta ce a ɗauka kowa yana da ikon yanke wa kansa shawara sai an tabbatar da akasin haka. A yi duk abin da zai yiwu a taimaka masa ya gane kafin a ce ya kasa. Zaɓin da wasu ke ganin wauta ne ba hujjar rashin hankali ba ce. In dole sai an yanke masa, a bi maslaharsa, a kuma zaɓi hanyar da ta fi rage takura. Wata shari'a da aka yi a can a 1993 ta nuna zurfin abin. Wani dattijo ɗan shekara 68, da ke tsare a asibitin Broadmoor saboda ciwon taɓin hankali mai tsanani, har yana riya cewa shi babban likita ne, ƙafarsa ta ruɓe, likitoci suka ce in ba a yanke ba da wuya ya rayu. Ya ƙi. Kotu ta duba ta ga cewa duk da ciwonsa ya fahimci bayanin ƙafar, ya gaskata shi, ya auna, don haka ta hana a yanke ba da yardarsa ba. Ya kuwa rayu da ƙafarsa. Ko da ya mutu, hukuncin ba zai zama kuskure ba, domin abin da aka auna shi ne yadda ya kai ga shawarar, ba ko shawarar ta yi wa likitoci daɗi ba.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa ta 2006, wadda Nijar ta amince da ita a 2008, ta ƙara matsawa gaba. Sashe na 12 ya ce masu naƙasa daidai suke da kowa a gaban doka, kuma aikin hukuma shi ne ta samar musu da mai tallafa musu su yanke shawara, maimakon mai yanke musu. Najeriya ma a watan Janairun 2023 ta sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Abin lura shi ne, wajen la'akari da lokacin farfaɗowa da raba al'amari da al'amari, waɗannan sababbin dokoki sun fi kusa da fiƙihun da ke zaurukanmu fiye da kundin da aka gada daga Turawa.

Yadda ake aunawa

Ba a tambayar ko mutum yana da hankali a dunƙule. Ana tambayar ko zai iya yanke wannan shawara, a wannan lokaci. Tsohuwar da ba ta iya lissafin kuɗin awakinta tana iya sanin sarai cewa a gidan 'yarta take son zama, ba na ɗanta ba. Abubuwa huɗu ake dubawa: ya fahimci bayanin? Ya riƙe shi har ya yi tunani a kai? Ya auna amfani da illa? Ya iya bayyana zaɓinsa, ko da da ishara ne?

A ɗauka dattijo ne mai ciwon gwaiwa da ke buƙatar aiki. Malamin asibiti ya zauna kusa da shi ya ce, "Baba, abin nan in an bar shi yana iya shaƙe hanji, ya zama na gaggawa. In an yi aiki ana warkewa, amma akwai kwanciya da kashe kuɗi. Faɗa mini yadda ka ji maganata." In ya ce, "Na ji, ɗana. Ka ce zai iya murɗe mini ciki in mutu. Amma damina ta kama, a bari in kai hatsina rumbu, in Allah ya kai mu kaka sai a yi," to wannan ya fahimta, ya riƙe, ya auna, ya zaɓa. Ana iya lallashinsa, amma ba a ɗaukarsa da ƙarfi. In kuwa bayan an maimaita masa sau da dama ya ce shi lafiyarsa lau, ko ya ɗauki malamin asibitin a matsayin ƙaninsa da ya rasu tun tuni, to akwai dalilin damuwa.

Ko a nan ma gaggawa ba ta da amfani, domin abubuwa da yawa suna kama da gushewar hankali alhali ba ita ba ce. Zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, ƙarancin ruwa a jiki cikin zafin bazara, faɗuwar sukari, duk suna sa tsoho sambatu na 'yan kwanaki, da an yi magani ya dawo garau. Mai shanyewar ɓarin jiki harshensa na iya karyewa alhali yana gane komai. Mai nauyin ji yakan amsa abin da ba a tambaye shi ba. Mai farfaɗiya bayan faɗuwa yakan jima kafin ya warware. Ga kuma kunya da kara: matar da ta yi shiru gaban surukinta, ko ta ce "duk yadda kuka gani," ba hankali ta rasa ba, wurin magana ta rasa. A fitar da maza, a bar ta da ungozoma, sai a ji abin da ke ranta. Haka wanda aka kai Dosso ko Yamai aka yi masa bayani da Faransanci ko Zabarmanci.

Gwaje-gwajen asibiti ma suna da tarko. Wanda ya fi shahara, mai maki 30 da aka fitar a Amurka a 1975, yana neman mutum ya faɗi kwanan wata na Bature, ya rubuta jimla, ya riƙa cire 7 daga 100. Manomin da bai shiga lakol ba zai faɗi wannan gwaji ko da ya fi mai gwada shi kaifin basira. A tambaye shi kuɗin tiyar hatsi da dala da jikka, ko ranar kasuwa, ko watan da ake ciki a lissafin Musulunci, sai a ga gaskiyar ƙwaƙwalwarsa. Irin wannan matsala ce ta sa masu binciken gigin tsufa da suka kwatanta tsofaffin Ibadan da na Indiyanapolis tun farkon shekarun 1990 suka yi aiki da gwajin da bai jingina da karatu ba, suka haɗa da jin ta bakin wanda ke zaune da tsohon. Kuma duk gwajin da aka yi, maki ba ya yanke hukunci shi kaɗai.

Iskoki, gona da mata

Ƙasar Arewa, ƙasar Lugu da Bagaji da Matankari, ta shahara da bori, har masaniya Adeline Masquelier ta wallafa littafi a 2001 kan yadda yake a Dogon Dutsi. Har yau in mutum ya fara surutai, mutane da yawa iskoki suke fara zargi, wasu su nufi masu bori, wasu su nufi masu ruƙiyya da rubutun sha. Wanda ya zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan bayan ya fahimci abin da asibiti ta faɗa masa, zaɓinsa ba shaidar hauka ba ne. Inda haɗarin yake shi ne da zarar an ce mutum "ba shi kaɗai ba ne," sai a daina jin maganarsa a kan komai, wani lokaci har a kai ga mari da turu. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoto a 2020 cewa ta samu shaidar ɗaure masu taɓin hankali a ƙasashe 60, kuma ba a manta da ɗaruruwan mutanen da aka fito da su daga gidajen mari a Kaduna da Daura a 2019 ba. Akasarin dangin da ke yin haka ba mugunta ke sa su ba, rashin magani da rashin mataimaki ne. Amma ɗauri ba tare da hukunci ba, ba wa'adi, ba mai dubawa, babu dokar da ta halatta shi cikin ukun da aka ambata a baya.

Gona ma tana ɓata shaida. Wanda zai ci gado, ko wanda ke son a sayar da fili, bai kamata maganarsa ita kaɗai ta isa a ce tsoho ya ruɗe ba. Haka nan wanda ke biyan kuɗin jinya yana da ikon cewa ga iyakar ƙarfinsa, amma kuɗinsa ba su saya masa jikin mahaifinsa ba.

Mata kuwa nasu ya fi ciwo, domin sau da yawa ba a ma zargin hankalinsu, tsallake su kawai ake yi. Nijar ta mayar da aikin ciro jariri kyauta tun wajen 2005 zuwa 2006, amma mace mai naƙuda na iya kwana tana zubar da jini ana jiran izinin mijin da ke bida. Shawara da miji abu ne mai kyau, sai dai mace baliga mai hankalinta yardarta ce ginshiƙi, kuma a halin ceton rai ba a jiran wanda ba ya nan.

Abin da zai yiwu a yi

Ba wanda zai ce a kwaso tsarin Ingila a dasa a Dogon Kiriya. Babu gidajen kula da tsofaffi, babu lauyoyi a kowace kusurwa, dangi su ne asibiti, su ne asusu. Akwai kuma kuskure na ɗaya ɓangaren, wato a bar wanda ya kasa da gaske cikin ƙazanta da yunwa da sunan "haka ya ce yana so." Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu gigin tsufa sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, don haka gidajen da za su fuskanci wannan ƙaruwa za su yi.

Abin da ake buƙata ba shi da tsada. A fara da tambayar majinyaci, da harshensa, a lokacin da ya fi natsuwa, bayan an yi maganin abin da ke iya ruɗa shi. In an ga ya kasa, malamin asibiti ya rubuta wace shawara ce ya kasa yankewa da dalilin da ya sa, gaban shaidu biyu da ba magada ba, mai gari da liman su sani. A sa ranar sake dubawa. Wanda aka ɗora wa riƙo ya bi abin da aka san mutumin yana so tun yana da lafiya, ba abin da ya fi wa dangi sauƙi ba. Sayar da gona, ko tsare mutum ba da son ransa ba, kada a yi sai an je gaban alƙali a Dogon Dutsi. Hukuma kuma nata shi ne ta horar da malaman asibitocin karkara, tun da tsarin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya don irinsu aka yi shi, ta kuma gyara tsohon kundin ya dace da alkawarin da ta ɗauka a 2008.

Sauran aikin yana hannun kowane magidanci da kowace uwa. Tun kana da lafiya ka tara iyalinka gaban shaidu, ka faɗi wanda ka amince ya tsaya maka in ka kasa, da inda kake son a yi jinyarka, da abin da ka yarda a sayar don maganinka. Ku kuma 'ya'ya, kafin ku zauna a zaure a kan maganar Baba, ku shiga ɗaki ku tambaye shi.